La ɗin da Baba Ya Bayar

Litinin, 5 ga Janairu, 2009

An samo shi. Na rubuta, na sake karantawa, har yanzu ban yarda ba.

Ognyan ne ya shigo da kwali uku da safe, ya dire min a tebur yana haki. Wai ana kwashe ɗakin ƙasa na tsohon gidan rediyon garinmu, masu kwasar tarkace suka kira shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yi masa aikin raya tsofaffin faifan kiɗa a nan Sofiya, ban taɓa gode masa har zuci ba sai yau. A ƙasan kwali na biyu akwai gwangwanin tef mai tsatsa, an rubuta 23 ga Janairu, 1954. Kiɗan da aka kori Baba a kansa.

Ognyan ya ce, "Nedyalka, lafiya? Kin yi fari fat." Na ce ƙura ce.

Bari in rubuta abin a tsare sau ɗaya. Baba ne mai busa obo na farko, wata irin algaita ta Turawa, a ƙungiyar makaɗan rediyo, su sittin da biyu. Kafin a fara kiɗa, mai obo ke busa sauti guda, la, kowa ya daidaita kayansa a kai, masu goge da masu ƙaho duka. La na ƙa'ida 440 ne a ma'auni. Ranar da aka ɗauki tef ɗin nan, manyan jam'iyya mai mulki na sahun gaba. Bayan kwana uku kwamiti ya zauna, aka kunna tef, aka buga ƙarfen awon sauti, aka ce la ɗin Blagoy, wato Baba, ya yi ƙasa, ya ja ƙungiya duka ƙasa a gaban baƙi, kunnensa ya mutu. Yana ɗan shekara ashirin da tara. Ya rufe obo a akwati, bai sake sa shi a baki ba. Bayan shekara biyu aka haife ni, na tarar da uba mai ɗaure kwalaye a masana'antar gwangwanin barkono.

Mama har ta koma ga Allah magana ɗaya take: na'urar ɗauka ce ta yi gudu, shi ya sa da aka kunna a wata na'urar sauti ya sauka. Da wannan maganar aka yaye ni. Saboda ita na koyi wannan aikin, ba don komai ba.

Talata, 6 ga Janairu

Na kira gida. Ƙanwata Rumyana, wadda ke jinyar Baba, ta ce ƙafafunsa sun ƙara kumbura. Likita ya ja ta gefe ya ce zuciyar ta gaji, maganar makonni ake yi.

Na ce ta ba shi waya. Ban ko gaishe shi da kyau ba na ce, "Baba, na samo tef ɗin. Zan wanke ka, kowa zai ji." Sai ya ce, "Kin ci abinci kuwa?"

Haka yake. Shekara hamsin da biyar da tabo a sunansa, ni yake tambaya abinci.

Alhamis, 8 ga Janairu

An ɗauke gas, bututun ɗumama ɗaki ya zama ƙanƙara. Da kwat da hula nake aiki, na yanke kan yatsun safar hannu. Tef ɗin yana warin tsami, ya bushe kamar ɓawon albasa. Wuri tara ya tsinke, na liƙe su ɗaya bayan ɗaya. Ina hura wa yatsuna iska ina zagin wanda ya ajiye shi kusa da bututun ruwa, duk inda kabarinsa yake.

Juma'a, 9 ga Janairu

Ya wuce ta na'ura sau ɗaya, na kwafe shi a kwamfuta. Garin tef ya zube a kan ƙarfe kamar garin kofi. Ba na jin zai jure wucewa ta biyu.

Gobe zan auna. Abin mai sauƙi ne. Wutar lantarki tana gurnani sau hamsin a daƙiƙa, kuma gurnanin nan yana shiga tef ko an so ko ba a so. In na'ura ta yi gudu kamar yadda Mama ta ce, gurnanin zai fito ƙasa da hamsin, arba'in da tara da wani abu. Shi ke nan, magana ta ƙare, in kai wa Baba a rubuce.

Asabar, 10 ga Janairu

Hamsin.

Lahadi, 11 ga Janairu

Hamsin cif. La ɗin Baba 432.

Na auna a farko, na auna a tsakiya, na auna a ƙarshe. Na kashe kwamfuta na sake kunnawa, kamar wata sabuwar shiga. Na ɗauko wasu tef biyu na watan, na'ura ɗaya, zaure ɗaya: gurnani hamsin, la 440. Na'urar lafiyarta ƙalau.

Wato kwamitin nan, waɗannan ƙatti masu tumbi da na yi shekara hamsin ina tsine musu, gaskiya suka faɗa? Wayyo Allah. Mama, kin ga abin da kika ja min?

Na shiga uku. Na riga na ce masa zan wanke shi.

Talata, 13 ga Janairu

Rumyana ta kira sau huɗu, ban ɗauka ba. Na biyar na ɗauka. "Yaya, wai me kike jira? Jiya ya sa na aske masa gemu, ya ce za a kawo masa kiɗa. Mutumin da ko miyar wake ba ya iya shanyewa!" Na ce aikin yana da yawa. Ta ce, "Aikinki kullum yana da yawa. Shi ne ba shi da yawa."

Tana da baki, tun tana ƙarama. Amma ba ta yi ƙarya ba.

Laraba, 14 ga Janairu

Na gaya wa Ognyan, don in ban gaya wa kowa ba zan fashe. Yana cin banitsa, wainar cukun nan, mai na ɗiga a kan takarduna. Ya ce, "To shi ne me? Ɗaga shi mana! Faifai nawa muka ɗaga zuwa 440 a ɗakin nan? Mai saye ba ya son tsohon kiɗa yana jan ƙafa. Ki ƙara gudu kaɗan, ki share ƙas-ƙas ɗin, tsoho ya ji ya yi murna." Na ce wancan gyaran na'ura ne, wannan ƙarya ce. Ya ce, "Haba Madam Ma'auni. Mutum na bakin kabari, ke kina wa'azi?"

Na so in jefe shi da almakashi. Abin haushin shi ne tun ranar Lahadi abin da zuciyata ke raya min ke nan, shi dai ya riga ni furtawa.

Alhamis, 15 ga Janairu

Na yi. Minti biyu ya ɗauke ni. Na ƙara gudun har la ya hau 440, na cire gurnanin lantarkin gaba ɗaya don kada wani ya auna. Na share tarin mutane, da ƙarar kujeru, da ƙas-ƙas dubu uku da wani abu. Ya fito tas, kamar jiya aka ɗauka.

Sannan na goge kwafin ainihin daga kwamfuta. Na duba ko'ina na tabbatar ya tafi. Ban san dalili ba. Na sani mana: kada wata rana 'ya'yan Rumyana su tono shi su ce kakansu kurma ne.

Asabar, 17 ga Janairu, a gida

Awa takwas a jirgin ƙasa mai sanyi. Rumyana ta tare ni a ƙofa da ludayi a hannu: "A'a, 'yan birni an tuna da mu." Ta rame. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce min na tsufa ba, mun yi kunnen doki.

Baba a kujerar taga, an lulluɓe shi da bargo biyu. Ya zama ɗan mitsitsi. Hannunsa kawai bai canja ba. Ya ce gobe za a saurara, da safe kunnensa ya fi buɗewa.

Lahadi, 18 ga Janairu

Ban san ta inda zan fara ba.

Bayan karin kumallo na sa masa lasifikar kunne. Na tsara jawabina tun a jirgi, na kuma yi shi: "Baba, na auna. Mama ta yi gaskiya, na'ura ce ta yi gudu. Ga shi yadda kuka busa shi." Ko ƙifta ido ban yi ba. Rumyana har ta fara share hawaye da gefen rigar girkinta.

Na kunna. La ya fito. Ya ɗaga gira. Bai kai minti ɗaya ba ya cire abin daga kunne ya ajiye a cinya.

"Wa ya taɓa shi?"

Na ce babu wanda ya taɓa, gyara kawai na yi.

"Nedyalka, ni za ki yi wa wayo? Wannan ba la ɗina ba ne. Kin ɗaga shi. Ji yadda kika sa mutane gudu kamar ana korar su. Ina tarin mutane? Zauren nan kowa mura yake yi. Ina kika kai su?"

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na fashe da kuka, ni, mace mai shekara hamsin da biyu, na ce masa 432 ne, na auna har na gaji, na'ura ba ta da laifi, ban san yadda zan gaya masa ba.

Sai ya yi dariya, har tari ya sarƙe shi, Rumyana ta ruga ta kawo ruwa. Ya ce, "Talatin da biyu? Ashe na kusa cin daidai. Ni talatin da uku na nufa."

Ga abin da ya faɗa, gwargwadon yadda na riƙe, don yana yi yana hutawa. Ranar nan babu gawayi a zauren, kwana huɗu ba a hura wuta ba. Numfashin mutum ana ganinsa. Kayan busa in sun yi sanyi sautinsu sauka yake, ba yadda za ka yi ka hau da shi. Tsoffin masu obo da suka koya masa suna da al'ada: kafin a fita, ka zaga bayan fage ka saurari masu busa suna ɗumama kayansu, ka ji iya inda za su kai, ka ba da la ɗin da ɗakin zai iya ɗauka. Masu goge su sassauta tsirkiya su sauko, sai a haɗu. "In na ba su arba'in, masu goge na sama, mu muna ƙasa, minti arba'in ana faɗa a gaban baƙi. Na ba su wanda kowa zai iya kamawa. Kin ji wani ya fita daga sahu a ciki?"

Ban sani ba.

Rumyana ta ce, "To Baba, me ya hana ka gaya wa kwamitin?" Ya ce, "In ce babu gawayi? A shekarar da jarida ta ce gawayi ya yi yawa har ba wurin zubawa? Da mai kula da zauren sai dai a ji labarinsa, ni ma in bi shi. Na ce kunnena ne, aka sallame ni na dawo gida na ci abinci."

Na ce Mama fa, da labarin na'urarta? Ya ce, "Uwarku ta fi son a ce ƙarfe ne ya cuce mu. Na bar mata." Na ce ni fa? Me ya sa bai taɓa gaya min ba? Ya dube ni, ba da faɗa ba. "Ke ai ba ki taɓa tambayata ba, 'yata. Kullum gaya min kike yi."

Sai ya ce, "Je ki kawo min na gaskiyar. Da tarin da komai. Shi nake so in ji."

Na gaskiyar da na goge da hannuna.

Litinin, 19 ga Janairu

A jirgi. Zan koma Sofiya in sake kwafar tef ɗin. Ba wanda zai iya yi min, Ognyan ko zaren tef bai iya sawa ba. Dole tef ɗin ya sake wucewa ta na'ura, kuma ban san ko zai kai ƙarshe ba. Dusar ƙanƙara ta tsayar da mu awa uku a tsakiyar fili. Wata mata ta miƙo min tuffa, na karɓa na riƙe har Sofiya.

Ya Allah, ka ara min kwana huɗu. Ban cika roƙonka ba, ka sani.

Talata, 20 ga Janairu

Ya tsinke sau shida kafin minti goma. Liƙin da na yi wancan karon ya ɗaga. Ina liƙewa ina magana da shi kamar mahaukaciya, ina ce masa yi haƙuri, saura kaɗan. Ognyan ya leƙo zai yi surutu, ya ga fuskata, ya ajiye min shayi ya ja ƙofa a hankali. Ashe yana da hankali in ya so.

Laraba, 21 ga Janairu

Rumyana: an kai shi asibiti, ruwa ya taru a huhu. "Yaya, ki bar tef ɗin nan ki taho." Na ce saura minti goma sha biyu na kiɗa. Ta ce, "Wallahi in ya tafi ba kya nan, ba zan yafe miki ba." Na ce in na zo hannu rabbana ni ba zan yafe wa kaina ba. Ta kashe waya.

Wace irin 'ya ce ke zaune da almakashi ubanta na mutuwa? Irina.

Alhamis, 22 ga Janairu

Ya kai ƙarshe. Daƙiƙa huɗu sun tafi har abada a kusa da tafin ƙarshe, garin ya bar jikin tef. Sauran yana nan. Ban taɓa komai ba, ko ƙas ɗaya ban cire ba. Jirgin safe.

Juma'a, 23 ga Janairu

Na same shi da rai.

Ɗaki mai gado shida, warin magani da miyar kabeji. Roba a hancinsa. Rumyana ta matsa ta ba ni kujera. Na sa masa kunne ɗaya, na sa ɗayan a nawa don in san inda ake.

Hayaniyar zaure, wani yana tari kamar zai amayar da huhu. Baba ya yi murmushi. Sai la, ƙasa-ƙasa. Ya gyaɗa kai sau ɗaya. Da aka fara sai ya shiga kiran sunaye, murya can ciki. "Ga Stoimen... kullum sai ya riga kowa. Zlatka ke nan, da safar hannun mijinta. Ka ji Dragan, ya sha barasa don sanyi, munafuki." Yana yi yana ɗaga yatsa. "Kin ji? Tare suke. Duka tare."

Ni kuwa idona na kan agogo. A minti na goma sha tara ne ake barin obo shi kaɗai, na san wurin don na ga layinsa a kwamfuta. Shi nake jira, don shi na yi duk wannan wahalar. A minti na goma sha shida idonsa ya rufe. Na taɓa shi na ce, "Baba, naka na zuwa, saura kaɗan, Baba!" Rumyana ta riƙe min hannu ta ce, "Bar shi, Yaya. Barci yake."

Na kashe. Ban iya barin abin ya wuce shi yana barci ba.

Asabar, 24 ga Janairu

Bai farka sosai ba. Na gwada sau biyu, yana ture wayar daga kunne.

Lahadi, 25 ga Janairu

Ƙarfe goma da kwata na safe. Muna nan mu biyu.

Laraba, 28 ga Janairu

An binne shi kusa da Mama. Ƙasa ta daskare, masu haƙa sun sha wuya. Mun raba dafaffiyar alkama sadaka a bakin maƙabarta, yawanci tsoffin 'yan masana'anta ne suka zo. Wani ya ce min bai taɓa sanin Blagoy ya yi kiɗa ba.

Bai ji nasa wurin ba. Abin da ke cina ke nan, ina kwance ina tsaye. Da ban yi ƙarya ba, da ya ji shi tun ranar Lahadin nan a kujerarsa, da shayinsa a gefe. Kwana biyar na cinye masa. Rumyana ta ce, "Shi fa ba nasa yake nema ba, mutanensa yake nema, ya kuma same su." Wataƙila. Ita dai tana son ta kwantar min da hankali ne.

Litinin, 9 ga Fabrairu

Na koma aiki. Ognyan yana son faifan kiɗan su Baba ya fita kasuwa kafin bazara, ya tambaya wanne za a buga. Na ce na ƙasan, da tarinsa. Ya ce masu saye za su dawo mana da shi. Na ce su dawo da shi gidana. Ya yi tsaki ya fita, bai ce a'a ba.

Da rana na kunna don in rubuta tsawon kowane sashe, aikin minti biyar. Ban tashi ba. Takardar tana nan babu ko lamba ɗaya, sai gobe. Ina zaune kawai, har aka zo minti na goma sha tara, masu goge suka yi ƙasa da murya, aka ji wani saurayi ya ja numfashi.

Ban san yadda ake rubuta wannan ba, kuma ba zan gwada ba. Na mayar sau uku. Ba aunawa nake ba.

Tun ina 'yar firamare nake faɗa da mutane a kan Baba, na fasa wa wata yarinya baki saboda shi. Ban taɓa tambayar kaina ko ya iya ba.

Ashe Baba ya iya busa.